Kun Tambaya Mun Amsa: Na mayar da hoto baki da fari sai ya koma gawayi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa. Wasiku hudu na ware wannan karon, daga Shomolu da Idi-Araba da Mile 12 da Agege duk a Legas, masu su basu san juna ba amma da na jera su sai naga duk rijiya daya suke jefa wa guga, wato yadda ake daukar hoto mai nauyi mai cike da haske da launi a mayar dashi baki da fari zalla sannan a matse shi ya zama dan mitsitsi. Na rage tsawon wasikun saboda wuri, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni yaron shago ne a wani gidan buga takardu a Shomolu. Wani mai zanen gidaje ya kawo mana hoton masallaci da ya zana a kwamfuta, yana so a buga a jikin jakunkunan yadi da kala daya, baki kawai, za a raba ranar neman gudummawar gini. Fayil din da ya turo karshen sunansa .hdr ne kuma ya kusa megabayit 50. Oga yace in mayar dashi baki da fari in tura wa mai fitar da fim din da ake hada ragar bugun yadi dashi, ina dannawa sai gaba daya hoton ya koma baki kirin sai wani dan farin tabo a wajen taga da saman kubba. Na sake yafi sau biyar haka yake fitowa, oga har ya fara cewa ni na lalata fayil din. Dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Kanina kwantar da hankalinka, baka lalata komai ba, fayil din lafiyarsa kalau, tsalle kayi daga matakin farko zuwa na karshe shi yasa.

Hoton da muka saba dashi irin JPEG kowane digo a cikinsa bit 8 ake bashi ga ja, 8 ga kore, 8 ga shudi, shi bit shine ma'aunin bayani mafi kankanta a kwamfuta, ko 0 ko 1, guda 8 kuma suna bada matakin haske 256 kacal daga 0 zuwa 255. To duniya ba haka take ba. Ka tsaya karkashin gadar Ojuelegba da azahar ka kalli lungun da inuwa ta rufe sannan ka daga kai ka kalli gilashin motar danfo da rana ke duka, tazarar hasken dake tsakaninsu ta wuce abinda mataki 256 zai dauka nesa ba kusa ba, idonka ne kawai yake ta daidaitawa baka sani ba. Hoton HDR an kirkiro shi ne dan ya rike duka biyun, duhun lungu da walkiyar gilashi, da ainihin adadinsu. Irin wanda aka kawo muku mai .hdr wani Ba'amurke Greg Ward ne ya fito dashi saboda manhajarsa Radiance wadda aikinta lissafin yadda haske zai zauna a cikin gini, kaga ba mamaki ya fito daga hannun mai zanen gidaje. Kowane digo bayit 4 yake ci, uku na launi daya kuma lambar ninki ce da take gaya wa sauran sau nawa za a rubanya su. In hoton digo miliyan 12 ne ka buga sau 4 kaga megabayit 48 kenan, ga amsar nauyin nan. Akwai dan uwansa EXR na kamfanin Industrial Light & Magic masu aikin fim, sun sake shi ga kowa a 2003, shima in ya zo muku magani daya ne.

Shi kuma abinda oga yake nema ba shine baki da fari irin na hoton kakanni da ake dauka a situdiyo ba, wancan yana da ruwan toka kala kala a tsakani. Wannan bit 1 ne tak, kowane digo ko baki ko fari babu na uku, domin ragar mai buga yadi ko fenti ya ratsa ko bai ratsa ba. Kenan dole a yanke wa kowane digo hukunci, a ja layi ace wanda haskensa ya haura nan fari ne wanda ya gaza baki ne. Gaba daya sana'ar a wajen jan layin nan take. In baka ja da kanka ba manhaja zata ja maka, kuma yawanci a tsakiya take sa shi, rabin mafi haske. A hotonka mafi haske shine ranar dake dukan kubba da wadda ta shigo ta taga, tana iya ninka hasken bango sau dari ko fi. Kamar ace duk wanda jarinsa bai kai rabin na Dangote ba a rubuta shi a talaka, ai da babban dila da mai tura baro duk buhu daya zasu fada. Haka bangon masallacin da kofa da bishiya da sararin sama duk suka fada buhun baki.

Akwai dalili na biyu da mutane da yawa basu sani ba har cikin wadanda suka dade a aikin. Lambobin dake cikin fayil din HDR suna bin ainihin yawan haske ne kai tsaye, ido kuwa ba haka yake auna ba. Tokar da idonka zai ce maka ita ce tsaka tsaki tsakanin baki da fari, in aka auna haskenta bai wuce kashi 20 cikin 100 na farin ba, ko kusa da haka. To ko babu rana a hoton in ka ja layi a kashi 50 ka riga ka tura duk tsaka tsakin cikin duhu.

Toh ga yadda zaka bi. Da farko ka sauko da hasken tukunna, ka tattaro shi ya shiga ma'aunin da allo da takarda zasu iya dauka. Wata hanya sananniya da Erik Reinhard da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 saukin kanta har mamaki take bani, ka dauki hasken digo ka raba shi da kansa da aka kara wa 1. Mai haske 1 zai koma rabi, mai 9 zai koma 0.9, mai 999 zai koma 0.999, kaga komai tsananin rana bata isa ta haura 1 ba kuma na cikin inuwa basu nutse ba. Ba sai kayi lissafin da hannu ba, a Photoshop in ka sauya hoton daga bit 32 zuwa 16 ko 8 da kansa zai bude maka wajen daidaitawa, manhajar GIMP kuma, wadda kyauta ce, tana bude wadannan fayilolin tun fitowar 2.10 a 2018 kuma zaka ga sunan Reinhard da Mantiuk da Fattal a jerin kayan launi, ka gwada su daya bayan daya har sai kaga kofa da taga da layin bulo duk sun fito. Daga nan ka mayar dashi ruwan toka ka zuba ido sosai, domin abu biyu masu launi daban suna iya zama toka iri daya, koren kubba da shudin sama misali, in sun hade sai ka kara wa daya haske da hannu. Sannan ka saita girman da za a buga a jikin jakar tun yanzu, wannan kar ka manta dashi, hoton bit 1 ba a kara masa girma ba a rage masa, da ka taba shi ya dagule.

Sai hukuncin karshe. Ko ka ja layi daya komai ya zama baro baro kamar tambari, ko ka fasa tokar ta zama kananan digo irin na hoton jarida. In layi ne akwai dabarar wani Bajapane Nobuyuki Otsu ta 1979 da take duba yadda haske ya rabu a hoton ta zabi wajen da yafi raba jama'ar gida biyu, manhajoji da yawa ita suke amfani da ita in ka danna na kai tsaye, amma ka dauke ta a matsayin shawara, idonka ne alkali. In digo ne masu buga riga yawanci tsakanin layi 35 zuwa 55 a inci suke aiki, ka tambayi mai ragar wanne ragarsa zata dauka kafin ka fitar. Ni dai a nawa ganin jakar yadi mai kaushi bata son digo, fenti yana bajewa ya cike tsakani, gara tambari mai kauri wanda za a hango kubba da hasumiya daga nesa. Ka adana a fayil din TIFF mai matsin Group 4, wani matsi ne na hoton bit 1 da baya zubar da digo ko daya, kar ka kuskura ka adana a JPEG domin shi bai san bit 1 ba zai dawo maka da toka toka a bakin kowane layi.

Kuma kafin duk wannan wahalar ka roki oga ya kira mai zanen, tunda a kwamfuta ya zana ginin yana iya fitar muku da zanen layi zalla a PDF cikin minti biyar, wanda yafi duk abinda zamu tatso daga hoton kyau.

TAMBAYA: Salam Malam, ina sana'ar dambun nama da yaji daga gida a Idi-Araba, na sayi 'yar firintar nan ta risit irin ta masu POS ina hada ta da wayata. So nake hoton mahaifiyata ya rika fita a takardar da nake mannawa a jikin roba tunda sunanta sana'ar ta dauka, amma duk sanda na buga sai fuskar ta fito kamar an shafa gawayi mayafin kawai ake ganewa. Kuma hoton mai kyau ne wallahi da sabuwar waya aka dauka har da HDR.

AMSA: Hajiya Allah ya sa albarka a sana'a, Allah ya saka wa Mama da alheri. Firintar nan bata da tawada ko kadan, zafi take sa wa takarda, inda ta kona yayi baki inda ta tsallake ya zauna fari, kuma mai takardar milimita 58 digo 384 kawai take iya jerawa a fadi alhali hoton wayarki ya kai 4000. HDR din waya kuma ba irin na dan uwanmu na Shomolu bane, waya tana daukar hoto da yawa a kiftawar ido wani da haske wani da duhu ta hade su ta baki hoto daya da ta riga ta daidaita, Apple sun fara sa shi a iPhone tun 2010. Naki matsalar layin hukuncin ne, fatarmu tana fadawa kasan layin sai fuska gaba daya ta zama baki.

Maganinsa abinda nake kira yayyafi. Robert Floyd da Louis Steinberg suka fito da shi a 1976, in aka tilasta wa digo ya zama baki alhali shi toka ne to ragowar hasken da aka danne masa ba a zubarwa, a raba wa makwabtansa, kashi 7 cikin 16 ga na damansa, sauran 3 da 5 da 1 ga uku na layin kasa, kamar mai awon hatsi in ya dan zarce a mudun farko sai ya rage a na biyu lissafi ya tashi daidai. Daga dan nesa ido yana hada digon ya ga kunci da goshi da murmushi. Ki sa a yanko fuskar kawai banda sauran jiki, bayan hoton a goge shi ya zama fari fat, a kara wa fuskar haske fiye da yadda zai miki kyau a waya domin zafi yana sa digo ya baje ya kara duhu, a rage fadin zuwa 384 sannan a karshe a yi yayyafin a adana a PNG. Ki gwada uku masu haske daban daban ki zabi wanda yafi kama da ita.

Abu daya da baki tambaya ba amma ya dame ni. Takardar zafi tana dushewa in mai ya taba ta ko ta sha rana, dambu kuma ga mai, sannan da yawansu an shafa musu sinadarin BPA wanda Tarayyar Turai ta takaita shi a irin wannan takarda tun 2020. Ki manna ta a wajen roba kawai kar ta taba abincin.

TAMBAYA: Malam ni dan kasuwa ne a Mile 12, albasa da tattasai muke saukewa daga arewa. Takardu sun min yawa, na lodi da risit da yarjejeniyar shago da takardar wani fili da na saya wajen Ikorodu. Na kai wani shagon kwamfuta yaron yace zai min sikanin shafi 200 ya matse su duka kasa da megabayit 2 in rika yawo dasu a waya, ya nuna min samfur ya fito tas kamar sabon bugu. Nace bari in tambaya tukunna, akwai illa?

AMSA: Alhaji matambayi baya bata, kuma gara da ka tsaya domin akwai illa, fitowa tas din nan ma ita ce take bani tsoro.

Bari mu fara da lissafi. Shafin A4 in aka yi sikaninsa da digo 300 a inci yana bada 2480 a fadi 3508 a tsawo, kusan digo miliyan 8.7. Da launi ba matsi megabayit 26 ne, in aka mayar bit 1 ya sauko wajen megabayit 1, tun ba a matse ba kenan. Matsin kuma gadon na'urar fakis ne, wadda ake tura takarda ta layin tarho. Kwamitin sadarwa na duniya dake Janeba ya fitar da Group 3 a 1980 sai Group 4 a 1984, shi Group 4 wayonsa shine baya rubuta kowane digo, yana duba layin sama ne yace wannan layin kamar na samansa yake sai dai a nan baki ya matsa da digo daya, tunda takarda yawancinta fari ce sai shafi guda ya koma kilobayit gomomi kuma ko digo daya baya bata, yadda ya shiga haka zai fito. Rauninsa hoto mai yayyafi, nan kam kowane digo daban yake da na kusa dashi har fayil yana iya fin na asali nauyi, shi yasa aka kawo JBIG a 1993 wanda yafi iya wannan, sai JBIG2 a 2000, PDF kuma ta karbe shi a 2001.

Shafi 200 a kasa da megabayit 2 kilobayit 10 kenan kowane shafi, ina kyautata zaton ko yaron ya rage yawan digo sosai ko kuma JBIG2 ne, kuma shi fuska biyu gare shi. Akwai wanda baya zubar da komai wannan lafiya lau. Akwai kuma wanda yake duba shafi ya tattara haruffa da lambobi masu kama da juna ya sassaka musu hatimi guda daya, duk inda ya ga mai kama sai ya buga hatimin maimakon ya ajiye ainihin abinda ke wurin. In rubutun manya ne masu tsabta ba matsala. In kanana ne ko sun dan dushe sai 6 ta yi masa kama da 8 ya buga 8, kuma 8 din zata fito kyakkyawa garau babu alamar da zata sa ka yi shakka. Wannan ya faru a zahiri, a watan Agusta 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe David Kriesel ya bayyana cewa wasu injinan sikanin Xerox suna sauya lambobi, a taswirar gini ya fara gani inda girman wani daki ya koma na wani dakin, sannan ya gwada da jerin kudi yaga 6 tana komawa 8. Kamfanin ya amsa ya fitar da gyara, daga baya a 2015 hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta hana irin wannan matsin a sikanin takardun da zasu tsaya a madadin na asali. Ka duba fa Alhaji, takardar da ta yi dishi dishi tana gaya maka da bakinta cewa kar ka yarda da ni je ka duba ta asali, wannan kuwa shiru zata yi maka, buhu 160 ya zama 180 ranar da kuke lissafi da direba ko mai kaya kowa ya rantse yana da gaskiya.

Illa ta biyu ko da matsin mai kyau ne. Bit 1 bai san shudin biro ba, bai san hatimi mai ruwan kasa ko shunayya da ya dushe ba, dangwalen yatsa yana komawa dunkulen baki zanen yatsan ya tafi, kwafin kabon da risit din POS da ya kwana biyu suna iya bacewa gaba daya, jan layin da masu safiyo ke zagaye fili dashi ya koma baki ya saje da sauran layuka. A garin nan da rigimar fili bata karewa wadannan su ne abinda lauya zai fara nema.

Shawarata ka kasa takardun gida biyu. Na yau da gobe irin takardar lodi da aka riga aka rufe lissafinta a yi musu bit 1 da digo 300 da Group 4, ya isa. In da waya za a dauka a nemi manhajar da take jan layi unguwa unguwa, kowane yanki na shafin da nasa ma'aunin, irin dabarar Sauvola ta 2000, in ba haka ba inuwar hannu zata cinye rabin shafi. Amma takardar fili da yarjejeniya da duk abinda yake da sa hannu ko hatimi ko bashi a kai, da launi za a yi su, megabayit biyu ko uku a shafi ba komai bane a wayar yanzu. Ka tambayi yaron wane matsi yake sa wa, in bai sani ba ba laifinsa bane yawancinsu maballi kawai aka nuna musu, sai ku zauna ku gwama lambobin shafi biyar da na asali. In zaka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ka tura a matsayin hoto zai sake matse shi. Takardun asali kuma a leda a akwati a saman durowa, kasan ruwan Legas.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a Agege, jikana ke rubuta min. Kakanmu ya sauko daga Kano fataucin goro ya zauna nan, ya bar mana gafaka biyu, Alkur'ani rubutun hannu da wakokin wa'azi na ajami da wasiku. Danshi da kwari suna cinsu. Yaron yace zai dauka da waya ya mayar baki da fari dan kar su cika waya kuma a samu a buga a raba wa dangi. Ya dace?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya jikan magabata ya kara muku lafiya. Niyyar yaron mai kyau ce Allah ya yi masa albarka, amma ina rokonku kar a fara da baki da fari. Wanda za a raba wa dangi ana iya yinsa haka daga baya, na ajiya kuwa da cikakken launi.

Kun fi ni sanin yadda alarammomi ke rubutu, baki na harafi, ja na wasali, digon ruwan dorawa na hamza, kore na alifin da ake sadarwa. Bit 1 launi biyu ya sani, jan zai koma baki ya manne da harafi ko ya bace, ruwan dorawa kuwa kusan tabbas bacewa zai yi domin haskensa kusa yake da na takardar da ta tsufa, kenan za a mika wa jikoki Alkur'anin da aka zare masa alamomin karatu. Ga kananan bayanai da malamai ke sakawa a gefe da tsakanin layi da siririn alkalami, su ne farkon tafiya. Ita kanta takardar shaida ce, yawancin tsofaffin littattafan kasar Hausa an rubuta su a takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku wadda sai an daga ta a haske ake gani, masana da ita suke kimanta zamanin littafi.

Ni ya taba faruwa dani shi yasa nake magana da zafi. Wasikar karshe da mahaifina ya aiko min na kai wani shago aka yi min sikaninta baki da fari lokacin ana tsimin wuri, a gefenta akwai layi biyu da ya kara da fensir. Damina ta zo ruwa ya shiga dakin da nake haya ya jika akwatin, da na bude abinda aka adana min sai na tarar biron ya fito fensirin babu, fari fat. Na san addu'a ce ya rubuta amma lafazin ya kubuce min, kuma babu wata manhaja a duniya da zata dawo da digon da aka riga aka yanke masa hukuncin fari.

Yanzu kai jika da kai nake. Nan ne zurfin hasken kyamara yake da amfani, in wayarka tana da RAW, wato danyen hoto yadda kyamara ta dauka ba tare da waya ta gyara shi ba, ka kunna, in babu ka sa mafi girman inganci, ka guji manhajojin sikanin da suke wanke shafi su faranta shi domin hukuncin nan suke yankewa a boye. Ka dauka da hantsi a inuwa kusa da kofa, banda filasha, ka shimfida bakin yadi ka kafa wayar a kan wani abu ta kalli shafin sak ba a karkace ba, ka ajiye rula a gefe. Warkokin ba a dinke suke ba saboda haka daya bayan daya, gaba da baya, yadda ka same su haka zaka mayar, kalmar nan da ake rubutawa a can kasan shafi ita ke nuna wanda ke biye kar ka yanke ta a hoton. Shafi 1000 a JPEG mai kyau wajen gigabayit 4 ne, ko RAW ne filas mai gigabayit 64 zai dauke su, ka ajiye a wuri biyu daya a aika Kano wajen dangi. Kar a sa salatif kar a kai a like su da leda mai zafi. In kun gama sai a dauki kwafi a bi da manhajar ScanTailor, kyauta ce, a fitar da na bugawa, wakokin ajami da suke baki zalla zasu yi kyau a haka, Alkur'anin dai ko na rabawa ne a daure a buga da launi. Arewa House dake Kaduna suna ajiye irin wadannan rubuce rubucen, yana da kyau a tuntube su kan yadda za a kare takardun kansu daga danshi. Ka fara da gafakar da kwari suka fi ci, wannan satin in Allah ya yarda.